Me ya sa fara ke janye ƙafa bayan an cire mata kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun kama fara a filin makaranta, wani ya tsinke mata kai, amma da muka taɓa ƙafarta ta baya da tsinken tsintsiya sai ta janye ƙafar. Na ce musu sauran rai ne, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Wani yaro kuma ya tambaya me ya sa kyankyaso ke tserewa kafin takalmi ya sauka a kansa, ko da ya ba mutum baya. Shin abu ɗaya ne? Kuma akwai yadda zan nuna musu a aji ba tare da kayan aiki masu tsada ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun sauran rai ba ƙarya ba ne, don fara ba ta baki take numfashi ba, ta wasu 'yan ƙofofi ne a gefen ƙirjinta da cikinta, saboda haka gangar jikin tana iya daɗewa da rai bayan kai ya tafi. Sai dai wannan bai amsa ainihin abin da ɗalibanka suka gani ba. Ƙafar ba shure-shuren mutuwa ta yi ba. An taɓa ta a wani wuri, ta kauce daga wurin. Wani abu ne ya ji taɓawar, ya san inda aka taɓa, ya zaɓi tsokar da za ta ja, kuma duk an yi an gama ba a nemi ƙwaƙwalwa ba.

Mu fara da gashin. Jikin ƙwaro a cikin ɓawo mai tauri yake, kuma ɓawon kansa ba ya jin komai, kamar dai farcenka. Don haka sai da ƙwaro ya sami hanyar ji ta cikin sulken, kuma babbar hanyar ita ce gashi. Idan ka duba ƙafar fara da madubin ƙara girma za ka ga 'yan gashi tsaitsaye a cinya, da ƙwauri, da tafin ƙafa. Kada a rikita su da manyan ƙayoyin ƙwauri masu sukar hannu. Kowane gashi sanda ne mai ɗan tauri da aka dasa a cikin gurbi mai laushi, yana iya karkata kamar muciya a tukunya. A gindinsa, can ƙarƙashin ɓawo, akwai ƙwayar jijiya guda ɗaya tak, wadda ta miƙo siririn bakinta ta manna shi da tushen gashin. Idan ƙarshen gashin ya karkata, tushensa sai ya matse wannan bakin jijiya. Matsewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma ta isa ta buɗe wasu 'yan kafofi a fatar jijiyar. Ruwan da ke kewaye da wurin cike yake da sinadarin fotashiyam, kuma akwai bambancin caji tsakanin waje da ciki, kamar batirin da aka riga aka cika. Kafofin na buɗewa sai caji ya kwararo ciki, jijiyar ta harba saƙon lantarki. A shekarar 2000 wasu masana a Amurka, Walker da Willingham da Zuker, suka gano ɗaya daga cikin waɗannan kafofi a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, ana kiranta NompC. Sun auna tsakanin lanƙwasa gashi da fara kwararar caji, suka sami kusan kashi ɗaya cikin biyar na milisakan, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Wannan saurin ya nuna cewa jan gashin ne ke buɗe kafar kai tsaye, babu wani sinadari da ake jira ya kai saƙo.

Gurbin ba ya ba gashi damar karkata daidai ta kowane gefe, kuma jijiyar ta fi harbi idan an tura gashin wata fuska guda. Akasarin gashin taɓi kuma a farkon lanƙwasawa yake yin magana. Ka riƙe shi a lanƙwashe, ba da jimawa ba zai yi shiru. Shi ya sa fara ke iya zama cikin ciyawa tana gogar jikinta ba ta yi ta zabura ba.

Daga gindin gashi, zaren jijiyar yana bi ta cikin ƙafa ba tare da ya yada zango ba har ya shiga ƙirji. A nan amsar tambayarka take. Ƙwaro yana da igiyar jijiya da ta bi ta ƙasan jikinsa, wajen ciki, kuma a kan igiyar akwai ƙulle-ƙulle, kowanne tarin ƙwayoyin jijiya ne. A ƙirjin fara akwai ƙulli uku, kowane ɗaya yana kula da ƙafafu biyu. Na ukun shi ke da ƙafafun baya. Ka ɗauke shi kamar mai unguwa: ƙaramar rigima a ƙofar gidansa ake kashe ta, ba a kai ta fada. Ƙwaƙwalwa tana faɗin a tashi, a tsaya, a nufi can, kuma wani babban aikinta shi ne tsawatarwa, wato danne motsin da ba a bukata. Don haka sau da yawa ƙwaron da aka cire wa kai ya fi mai kai saurin amsa taɓawa, mai tsawatarwar ne ba ya nan.

Wanda ya fi kowa bin diddigin abin da ke faruwa cikin wannan ƙulli na uku shi ne Malcolm Burrows na Jami'ar Cambridge a Ingila, tare da abokan aikinsa irin su Melody Siegler, tun daga shekarun 1980, kuma a kan farar hamada suka yi aikin, irin wadda ke zama farin dango. Lissafin da ke gabansu shi ne: ƙafar baya ɗaya tana da maji, wato gashi da sauran sassan da ke ji, kusan 10,000 a jikin ɓawonta, amma jijiyoyin da ke ba tsokokinta umarni ba su kai 100 ba. Dole a sami masu tace rahoto a tsakani. Masu tacewar wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya ne da ba sa fita daga ƙullin, mu kira su dillalai. Kowane dillali yana da yankinsa a jikin ƙafa. Wani na bayan ƙwauri ne kawai, wani na tafin ƙafa, wani na gefen cinya. Zaren da ya fito daga kowane gashi ma ba ko'ina yake sauka ba. Gashin cinya da na ƙwauri da na tafi kowanne da masaukinsa, a jere kamar yadda suke a ƙafar, har ya zama akwai taswirar ƙafa a cikin ƙullin. Idan tsinkenka ya taɓa gashi biyar a wuri ɗaya, dillalan wannan yanki ne za su tashi, su zuga tsokar da za ta kawar da ƙafa daga wurin, su kuma sa a sassauta kishiyarta. Wannan sassautawa tana da muhimmanci kamar jan, domin kowace gaɓa tsokoki biyu ne ke jayayya a kanta, mai miƙewa da mai naɗewa, in suka ja tare ƙafar sandarewa za ta yi.

Akwai kuma wasu dillalan da ba sa harba saƙo ɗaiɗai, sai dai su ƙara ko su rage abin da suke zubawa a hankali, kamar mai murɗa famfo. Su ne ke daidaita ƙarfin motsin da halin da ƙafar take ciki. Idan ƙafar ce ke ɗauke da nauyin jiki a wannan lokaci, ba za a ɗage ta kamar wadda ke reto a iska ba. A ganina wannan ne wurin da littattafan makaranta suka fi yin sakaci: suna zana zabura kamar makunnin fitila, a danna ta kama. Gashi ɗaya, taɓawa ɗaya, na iya ba da motsi daban idan fara tana tsaye da idan tana tafiya.

Kowace mahaɗa tsakanin jijiya da jijiya tana cin kusan milisakan ɗaya, kuma mahaɗun nan biyu ne ko uku kacal. Saƙon da gashi ke miƙa wa dillali da sinadarin asetilkolin ake miƙa shi, wanda jijiya ke miƙa wa tsoka kuwa da gulutamet. Ka riƙe sunan na farkon, zai dawo a batun maganin ƙwari.

Ba janye ƙafa kaɗai ƙirjin ya iya ba. Ka shafi fiffiken fara da buroshi, za ta ɗago ƙafar baya ta sosa daidai wurin, in ka matsa gaba ta bi ka, in ka koma baya ta bi ka. An nuna cewa tana yin wannan susa ko an yanke hanyar da ta haɗa ƙirji da kai. Ƙuda marar kai ma yana tsayawa da ƙafafunsa ya goge wurin da aka taɓa masa gashi.

Wani rukunin gashin ba waje yake saurare ba, jikin ƙwaron kansa yake saurare. A lungun gaɓoɓi, musamman inda ƙafa ta haɗu da ƙirji, akwai gajerun gashi cunkushe wuri ɗaya kamar buroshin haƙori. J. W. S. Pringle ya bayyana aikinsu a jikin kyankyaso a 1938. Idan gaɓa ta naɗe, fatar wurin sai ta hau kansu ta kwantar da su layi bayan layi, yawan waɗanda suka kwanta shi ke faɗin inda gaɓar ta kai. A 1976 Pearson da Wong da Fourtner suka nuna cewa irin wannan tarin gashi a saman ƙafar kyankyaso yana haɗuwa kai tsaye da jijiyar da ke saukar da ƙafa ƙasa, babu dillali. Ƙafa ta yi gaba ta kai iyaka, gashin ya kwanta, umarnin sauka ya fita. Da aka aske gashin sai ƙafar ta riƙa zarce wurin saukarta tana karo da ta gabanta. Ƙwaro yana da wasu maji da ba gashi ba ne, masu auna nauyi a ɓawo da masu auna miƙewar gaɓa daga ciki, amma wannan wani darasi ne.

Sai kyankyaso da takalmi. Tsarin ɗaya ne, gashi zuwa ƙulli zuwa ƙafa, amma gashin daban ne kuma hanyar ta fi tsawo. Ka juya babban jan kyankyason nan na masai da kicin, za ka ga 'yan ƙahonni biyu a ƙarshen gindinsa. A ƙasan kowanne akwai siraran gashi kusan 220, dogaye, masu sako-sako a gurbinsu har iska kaɗan na kaɗa su. Ɗan da ya fito daga ƙwai gashi biyu kawai yake da su a kowane ƙaho, kuma da su yake tserewa. Sauran suna ƙaruwa ne da kowace saɓa. Gashin a jere suke layi-layi, kowane layi da fuskar iskar da ya fi ji. Rahotonsu yana shiga ƙulli na ƙarshe a ciki, inda manyan jijiyoyi bakwai a kowane gefe ke ɗauka su haura da shi ƙirji. Mafi kauri a cikinsu ya kusa kaurin siririn gashin mutum, kuma kaurin ne ke ba su gudu, mita shida zuwa bakwai a daƙiƙa. A jikin da bai wuce santimita huɗu ba, wannan tafiyar 'yan milisakan ce.

Kenneth Roeder ya auna wannan zabura tun a shekarun 1940: kyankyason da ke tsaye yana fara motsi cikin milisakan 50 da 'yan kai bayan iska ta taɓa shi. Wanda ke cikin tafiya a hankali ya fi haka sauri, bai kai milisakan 20 ba. Ƙiftawar idonka ta fi milisakan 100. A 1978 Jeffrey Camhi da abokansa a Jami'ar Cornell suka haɗa kyankyasai da kwaɗo suna ɗaukar hoto mai sauri. Iskar da kwaɗo ke turowa gaba idan ya kai farmaki ita ce ke tona masa asiri, kuma iska mai gudun milimita 12 a daƙiƙa ta isa, muddin ta taso farat ɗaya. Masu lafiyayyun ƙahonni sun tsira a fiye da rabin farmakin. Waɗanda aka toshe wa ƙahonni da kaki ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Farat ɗaya ɗin nan shi ne mabuɗi. Ba ƙarfin iska ne ke tada shi ba, saurin canjawarta ne. Shi ya sa yake yawonsa a ƙarƙashin fanka, kuma shi ya sa wanda ya sauke kofi a kansa sannu a hankali ya fi mai takalmi nasara. Tafin takalmi faffaɗa ne, yana tura iska gabansa kamar ɗan aike. Kuma kyankyaso ba gaba yake fara yi ba, juyawa yake fara yi ya ba iskar baya, sannan ya zura, gudun da kan kai mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Wani bincike na 2008 ya nuna juyawar ba kusurwa ɗaya ba ce kullum, yakan zaɓa tsakanin kimanin digiri 90, 120, 150 da 180 daga inda barazanar ta fito, don haka ko tsaka ba za ta haddace masa hanya ba. Idan aka cire ƙaho ɗaya, da farko yakan juya ta inda bai kamata ba, wani lokaci ya nufi iskar ma, amma bayan kamar wata guda sai ya gyara.

Maganin ƙwari ma a kan wannan hanya yake aiki. Fiya-fiya da danginta suna hana a share asetilkolin daga mahaɗa bayan ya isar da saƙo, sai dillalai su yi ta ihu babu wanda ya taɓa gashi. Irin wanda ake sa wa gidan sauro da yawancin na feshi a gwangwani kuma yana hana kafofin sodiyam na zaren jijiya, waɗanda caji ke shiga ta cikinsu, rufewa da wuri, saƙo ɗaya ya zama goma. Ko ta wace hanya, mai miƙewa da mai naɗewa sai su ja ba tsari, ƙafafu su yi ta karkarwa, kyankyaso ya kife rigingine ya kasa tashi. Wannan shi ne shure-shuren da ba shi da alkibla, kuma yana da kyau ɗalibai su ga bambancinsa da abin da farar nan ta yi.

Akwai wani abu game da gashin cinyar fara da ya shafi manoman Sahel kai tsaye. Farar hamada tana da hali biyu: idan tana ita kaɗai gudun 'yan'uwanta take yi, idan suka cunkushe sai ta koma mai son taro, daga nan dango ke farawa. A 2001 Stephen Simpson da abokansa a Oxford suka bi jikinta gaɓa-gaɓa da ɗan buroshi, suka tarar shafar gefen waje na cinyar baya ne ke juya halin, cikin 'yan sa'o'i. A 2009 aka nuna cewa sinadarin serotonin yana ninkuwa kusan sau uku a ƙullen ƙirji a daidai wannan lokaci. Ke nan idan ciyawa ta fara bushewa a wurare irin su Tamesna da Ayar a arewacin Nijar, fari suka taru a ɗan koren da ya rage suna gogar cinyar juna, gashin ne ke kai labarin cewa an yi yawa. Wanda ya ga dangon 2004 a Nijar da Mali da Muritaniya ya san ƙarshen labarin. Shi ya sa masu sa ido ke bin wuraren ƙyanƙyasa tun fari suna warwatse.

Gwajin aji ba ya bukatar a cire wa kowa kai. A samo babbar fara mai rai daga wurin da ba a yi feshi ba. A sa ta a kwalba cikin firji, ba wajen ƙanƙara ba, minti biyar zuwa goma har ta lafa. A kwantar da ita a kan kwali a ɗaure ƙirjin da siririn salatif, a bar ƙafafun baya a sake, kada kuma a rufe gefen ciki inda take numfashi. Kada a riƙe ta da ƙafar baya ɗaya, tana iya yar da ƙafar ta bar maka ita a hannu. A jira kamar minti goma sha biyar jikinta ya ɗume, domin jijiya mai sanyi nawa gare ta, kuma a nan ne yawanci ake cewa gwaji ya ƙi. Abin taɓawa kuwa, tsinken tsintsiya ya yi kauri. A manna gashin mutum guda ɗaya, ko zare ɗaya na buroshin fenti, a kan tsinken ashana, a bar kamar santimita ɗaya ya leƙo. Idan aka danna da abu mai tauri har gaɓa ta motsa, an tada majin cikin gaɓa ke nan, amsar da za a gani ba ta gashi ba ce.

A taɓa tafin ƙafa, a rubuta abin da ya faru. A jira minti ɗaya, a taɓa gaban ƙwauri, sannan bayansa, sannan fiffike. Bayan haka a zaɓi wuri ɗaya a yi ta taɓawa duk bayan daƙiƙa biyu: amsar za ta yi ta raguwa har ƙafar ta daina kulawa. Nan take a koma wani wuri daban, za a ga ta amsa da ƙarfinta. Wannan ya nuna ba tsoka ce ta gaji ba, mahaɗar wancan gashin ce ta rage murya. Mai taɓawa ya kawar da bakinsa gefe, numfashi kaɗai na iya ɓata sakamako.

Na kyankyaso kuma, a sa shi a faffaɗar roba da aka shafa wa basilin a bango don kada ya hau. A bar shi ya natsu, sannan a hura masa iska daga baya da sirinji marar allura, daga nisan kamar santimita goma, a lura da gefen da ya juya. A sake daga hagu, a sake daga dama, da hutun minti ɗaya a tsakani. Sai a sanyaya shi, a shafe ƙahonnin gindin biyu da basilin, musamman ƙasansu inda gashin yake, a jira ya farfaɗo a maimaita. Idan har yanzu yana zabura kamar da, ko dai shafin bai rufe ƙasan ba, ko iskar ta yi ƙarfi ta kaɗa dogayen gashin bakinsa, ko hannun mai sirinji ya bugi robar, don ƙafafunsa suna jin girgiza. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Idan akwai mai wayar da ke ɗaukar bidiyo a hoto 240 cikin daƙiƙa, kowane hoto milisakan huɗu ne da ɗan ɗori. A manna ɗan zaren auduga a ƙasan robar kusa da gindin kyankyason, don a ga lokacin da iska ta iso. Ɗalibai su ƙirga hotuna daga kaɗawar audugar zuwa motsin ƙafa na farko. Ga wanda ke tsaye, ya kamata su sami wajen goma sha biyu. Bidiyon da aka saba, mai hoto 30 a daƙiƙa, ba zai yi ba, don duk abin zai wuce cikin hoto ɗaya ko biyu.